Ranar da Farfesa Ta Karanta Tsakiyar Aikina

Ko na tsufa na zubar da haƙora, ba zan taɓa mantawa da ranar Larabar da na tsaya gaban allo a aji biyar na sakandare ba.

Ajinmu cike yake maƙil (wasu a kan benci, wasu a bakin taga), kuma Mista Ayuba kaɗai ke koyar da lissafi. Tun da wuri na gano wani sirri. Idan an ce ka tabbatar da abu, tambayar da kanta ta gaya maka inda za ka ƙare. Shi kuma Mista Ayuba, saboda tulin littattafai, layin farko da na ƙarshe kawai yake dubawa. Sai in kwafe tambaya a sama, in rubuta amsa a ƙasa, tsakiya kuwa in cika ta da haruffa da kibiyoyi da "saboda haka" kamar guda shida. Wuru-wuru muke ce masa. Kowa na yi, amma rubutuna ya fi na kowa kyau, shi ya sa na zama gwanar aji.

Wata rana Mista Ayuba ya shigo da jarida yana ta murmushi. Wata jami'a na neman wanda zai yi bincike kan yadda mutane ke kafa hujja a lissafi, aikin haɗin gwiwa tsakanin masu lissafi da masu nazarin tunanin ɗan'adam. Ya daɗe yana mafarkin koyarwa a jami'a. Ya nema, ya tsallake intabiyu, saura kawai su zo su ga yadda ɗalibansa ke tunani.

Ya ce mini, "Ke zan kira gaban allo. Kada ki ba ni kunya."

Na ce, "Sa, ka kwantar da hankalinka." Ban buɗe littafi ba, amma na goge kayan makaranta sau biyu.

Farfesar da ta zo wata 'yar ƙaramar dattijuwa ce mai tabarau. Ta zauna a bencinmu. Mista Ayuba ya ɗaura laktaye a wuya duk da zafin garinmu Lafiya, yana gumi kamar ya fito daga rafi. Aka ce in tabbatar cewa jimlar kusurwoyin alwatika digiri ɗari da tamanin ce. Na cika allo cikin minti uku, har da ja wa amsa layi biyu. Aji ya tafa, ni kuma na ɗan rusuna.

Farfesa ta taso a hankali, ta ɗora biro a tsakiyar allon.

"'Yata, daga layi na uku zuwa na huɗu, yaya aka yi kika tsallaka?"

"Ai a bayyane yake, Ma."

"A wurinki. Ni tsohuwa ce, riƙe hannuna mu tsallaka tare. Wannan harafin Y ɗin daga ina ya fito? Babu shi a zanen."

Ƙawata Ladi ta amsa daga baya, "Baƙo ne, Ma. Daga garin Kwandere ya zo."

Aji ya ɓarke da dariya. Ni kuwa na tsaya ina murza alli har ya zama gari. Farfesa ta karɓi littafina ta riƙa buɗewa, kowane shafi goma bisa goma da jan biro. Ba ni ta kalla ba, Mista Ayuba ta kalla.

Ya ce a hankali, "Ma, littattafan suna da yawa."

Ta ce, "Na gani."

Bai samu aikin ba. Na so ya zane ni in huta, amma ko tsawa bai yi mini ba, abin da ya fi bulala zafi. Washegarin ranar da wasiƙar jami'ar ta zo ya kira ni ofis ya ce, "Tunda ina nan babu inda za ni, ni da ke za mu bi aikinki layi bayan layi." Haka aka yi har na gama makaranta, kuma dole na koyi abin gaskiya.

Darasin da na ɗauka shi ne, idan har za ka yi wuru-wuru, ka tsaya a na ashirin a aji. Babu mai kiran na ashirin gaban baƙi.