Direba a Kan Tsani

"Lafiya lau, alhamdulillahi. Ina gajiya? To wai ni da wa nake gaisawa ne, da mijina ko da jemage?"

Jikar Direba ce ke magana, tana tsaye a tsakar gida cikin fararen kayanta na aikin jinya, ta ɗaga kai tana kare rana da tafin hannu. Kakan nata yana can saman tsani da zarto, yana fama da wani reshen mangwaro da ya yi kwana uku yana gogar kwanon ɗakinsa. Shekararsa saba'in da takwas. Talatin da biyar daga ciki a bayan sitiyarin babbar mota ya yi su, shi ya sa har yau unguwa ba ta san shi da wani suna ba sai Direba. Daga inda yake, wani farin abu mai motsi kawai yake gani a ƙasa, don yanar ido ta rufe masa na dama, ta kuma fara cin na hagu. Amma ya san muryar, ya kuma san abin da ya kawo ta. Yau ce ranar ganin likitan ido, kuma wannan ne karo na uku da ta karɓar masa kati.

"Ba gajiya, amarya," ya ce. "Mijinki ne, wanda kika guje wa kika auri wancan mai siririn wuyan."

"Shi dai mai siririn wuya a ƙasa yake tafiya kamar sauran mutane. Sauko mu tafi, ƙarfe goma aka ba mu."

"Je ki ce wa likitan na yi tafiya."

"Ina?"

"Sama. Ba ga shi kina gani ba?"

Ta ajiye jakarta, ta zo ta kama ƙafafun tsanin, sai ta ji yana rawa a hannunta. "Innalillahi! Wannan tsanin ai ya girme ni."

"Ya girmi uwarki ma. Kuma bai taɓa kayar da ni ba."

"Yau yake shirin farawa. Kai tsoho, ka ba ni mamaki. Ba ka ganin tafin hannunka, ka hau nan ko gezau. Aikin ido na minti ashirin kuma, a kan gado mai laushi, ga fanka, ga ni a gefenka, shi ne kake gudu kamar an ce za a yanka ka."

"Wa ya ce tsoro nake? Ni da na sauko gangare da lodin siminti ba birki! Yaron motata ya yi tsalle ya dira, ni kuwa ina fito."

"Bara da ka ba ni labarin, lodin gishiri ne."

"Gangaren biyu ne."

Ya ci gaba da goga zarto har reshen ya yi ƙara, ya faɗo gefe, ganye ya zubo mata a ka. Daɗi ya kama shi, ya fara saukowa yana waƙe-waƙensa. Da ya zo kusa da ƙasa, sai ya miƙa ƙafa inda yake zaton akwai matakala, ƙafar ta taka iska. Ba don ta tare shi da kafaɗa ba, da ya sha ƙasa.

"Gwada ki nake yi," ya ce yana haki. "Na ga ko kina cin abinci a gidan mutumin nan."

"To ka gani. Zauna."

Ya zauna a benci ƙarƙashin bishiyar. Abin da ya ba shi mamaki shi ne, ya saurari ƙirjinsa bai ji wani bugu na kirki ba. Da can, ko akuya ce ta gilma masa a titi, sai ya yi tafiyar awa guda gabansa yana faɗuwa. Yanzu ya kusa karya ƙugu, amma ji yake kamar hularsa ce kawai ta faɗi.

Ta zauna kusa da shi tana cire ganye daga ɗankwalinta. "Faɗa min gaskiya, me ya sa ba ka son aikin nan?"

"Amarya, ba ƙi nake ba. Da ƙuruciya, in aka ce akwai lodi a gari mai nisa, tun kafin a gama faɗa jinina ya tafasa, ba na ma tambayar yadda hanyar take. Yanzu kin zo kin ce zan ga duniya tas. Na san abu ne mai kyau. Amma a nan," ya dafa ƙirji, "ji nake kamar kin ce min gobe Talata."

"Ai mun san wannan a wurin aiki," ta ce. "Kullum muna fama da irinku. Likitanmu ya ce akwai wani abu a ƙwaƙwalwa da ke sa mutum zumuɗi in ya hango alheri a gaba. Da tsufa ya zo, sai ya riƙa raguwa. Ƙararrawar da ke kaɗawa in za a yi asara, ita ma a wurin wasu sai ta dushe. Shi ya sa sabon abu ba ya jan ka ko da alheri ne, haɗarin da ka saba da shi kuma ba ya ba ka tsoro."

"Wato totur ya mutu, hon ma ya mutu."

"Sai bakin direban kawai ya rage."

"Ke dai Allah ya shirye ki. To in haka ne, a bar tsohuwar mota a inda ta tsaya mana. Me ya rage ban gani ba? Na ga teku, na ga duwatsu. Ke kuma na gan ki tun kina jaririya, kamar an jiƙa ɓera. Ba na buƙatar ƙari."

"Rabonka da ganin fuskata shekara biyu. Na ƙara kyau."

"Wa ya faɗa miki? Mai siririn wuya? Shi ya kamata ki kai wa likitan, ba ni ba."

"Rannan ba kai ka tsaya kana gaida tankin ruwa ba, ka ɗauka maƙwabcinmu ne?"

"Kamarsu ɗaya. Tankin ma ya fi shi amsa gaisuwa."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ta yi shiru, ta sunkuyar da kai tana wasa da igiyar jakarta. Shi da ya san ta tun tana rarrafe, ya san bakin nan ba ya mutuwa a banza.

"Lafiya?"

"Lafiya lau. Dama... ko Umma ban faɗa wa ba tukuna." Ta ƙara yin ƙasa da murya. "Nan da wata biyar, in Allah ya yarda, za a kawo maka baƙo. Shi ne na ce, da hannu za ka shafa ka san kamanninsa?"

Direba ya juyo da idonsa na hagu gaba ɗaya wajenta. Farin nan dai yake gani, amma sai ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa, irin motsin da ya ɗauka ya tafi ke nan har abada.

"Cin amana ƙiri-ƙiri! Ina raye?"

"Kana kan bishiya dai."

"In namiji ne, abokin gabana ne, dole in ga idonsa. In mace ce kuwa, na sake ki a ranar, na yi sabuwar amarya."

"Ka ga sai ka zaɓa da idonka, kada a cuce ka."

"Gaskiyarki, an cuce ni sau ɗaya." Ya fashe da dariya har da tari, ya dafa kafaɗarta ya miƙe. Ya kwance agogon hannunsa, wanda ya daɗe yana ɗaurawa don ado kawai, ya danƙa mata. "Riƙe wannan, tukwicin albishir ne. Ƙarfe nawa ya ce?"

"Tara da rabi."

"To me kike jira? Ɗauko min takalmana. Kuma ki ce wa likitan ya fara da na dama, a bar na hagu ya huta tukuna. Kada in ga muninki da ido biyu lokaci guda, zuciyata ba za ta ɗauka ba."