Ranar da Tanimu Ya Gwada Kansa

A ƙauyenmu akwai wani mutum, Tanimu, wanda in ka ce masa tsaya nan, nan za ka same shi ko ruwa ya sauko. Su uku ne a gidan: shi, matarsa Kuluwa, da mahaifiyarsa Inna Dije. Sun daɗe da aure, ko ɓatan wata Kuluwa ba ta taɓa yi ba. Kowa ya ɗora mata laifin, har Inna Dije ta ce in damina ta wuce shiru, sai Kuluwa ta koma gidan ubanta. Kuluwa ta ƙulle kayanta a zani ta ajiye bayan ƙofa. Ni dai tausayi take ba ni.

Wata rana yayarta Talatu, mai aikin jinya a birni, ta kawo wata 'yar na'ura. A tsoma tsinkenta cikin fitsarin safe, in ƙwan mace ya kusa sauka sai ta haska. Ta ce, "Malam Tanimu, ba ta son zafi." Tanimu ya naɗe ta a leda ya jefa cikin randa. Da moɗa Kuluwa ta tsamo ta, Allah ya sa ruwa bai shiga ba.

Wata rana na'urar ta haska. Dama Talatu ta ce masa, cikin kunya, "Ran da ta haska, kada ka yi nisa da matarka." Tanimu ya bi Kuluwa rijiya, ya bi ta niƙa, ya bi ta gidan suna ya zauna tsakiyar mata. Suna dawowa ya ɓingire da barci don gajiya. Gari ya yi ta dariya, ban da Kuluwa. Sai da kawunsa ya ja shi gefe ya yi masa bayani dalla-dalla.

Watanni suka shuɗe, na'ura tana haskawa, ciki shiru. Aka fara yankan gero. Talatu ta kira a waya ta ce, "Ku ƙara haƙuri, abin nan na mutum biyu ne."

Wata rana da safe Tanimu ya tsoma tsinken cikin nasa fitsarin. Ba haske. Ya je ya durƙusa gaban uwarsa.

"Inna, na Kuluwa yana haskawa, nawa ba ya haskawa. Ni za ki kora."

"Kai wawa, abin mata ne."

"Yaya Talatu ta ce na mutum biyu ne."

Ya ɗauki na'urar ya tafi asibiti kan maganar haihuwa, abin da ba namijin da ya taɓa yi a garinmu. Likita ta ce wannan na'urar ba ta gwada maza, amma tun da ya kawo kansa, sai ta yi masa gwajin da ya dace. Matsalar a jikinsa take, kuma tana da magani.

Ya dawo ya faɗa musu. Sai Inna Dije ta tashi, ta ɗauko ƙullin nan daga bayan ƙofa, ta kwance shi da hannunta.

"Kuluwa, 'yata, ina kike ajiye waɗannan?"