Jar Motar Nana a Filin Gwanjo

"Lafiya ƙalau, tsoho. Na ce ko motar ɗaukar gawa ce ta sauke ka, na ga ka riga kowa zuwa."

"Ke dai uwar rowa, gaisuwar ma sai da kika rage mata tsawo. Wa ya aiko ki?"

Tahlia ke nan da kakanta Merv Harradine, a ƙofar filin gwanjon lalatattun motoci da ke bayan garin Brisbane. Ni maƙwabcinsa ne a garin Lismore, ni na kawo shi, da 'yar tirelar ɗaukar mota ɗaure a bayan motata. Ita kuwa daga asibitin da take aikin jinya ta taho, don uwarta ta buga mata waya cewa tsohon ya kwashe ɗan abin da ya rage masa a banki ya kama hanya.

Abin da ya zo nema yana layi na ƙarshe, tayoyi a sace. Wata jar mota ce mai kujeru biyu, marar rufi, ƙirar Ingila, wadda ta girmi uwar Tahlia. Ta matarsa Noelene ce, wadda jikoki ke kira Nana. Da ambaliya ta shanye unguwarmu, motar ta kwana a ƙarƙashin ruwa har laka ta cika ta. Kamfanin inshora ya biya su ya ɗauke ta. Nana kuwa ba ta ga ƙarshen sanyin shekarar ba, ta rasu a ɗakin kwano na wucin gadi da aka ba su.

Tahlia ta leƙa ciki, ta toshe hanci.

"Kaka, wannan ai kwamin kifi ne. Har kwaɗo na gani yana riƙe da sitiyari."

"Kasuwanci na zo yi, yarinya. In saya da araha, in gyara, in sayar ninki uku. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

"Babban da tabaraunsa ke bisa goshi yana cigiyarsu? Araha ba ta ado."

Sai ta shiga lissafa masa da yatsu. Inji ya sha laka, dole a kwance shi gaba ɗaya. Wayoyin lantarki sun ruɓe. Tsatsa ta ci gindin motar har ana hango ƙasa. Kowace ƙusa sai an yo odarta daga Ingila, ga la'adar masu gwanjo a kan duk abin da ya biya. Ta ce zai narkar da dala dubu arba'in a kan motar da ko ta koma sabuwa ba mai ba shi talatin.

"Da hannuna zan gyara, ba makanikin da zai ci sisina."

"Hannun da kofin shayi ke yi wa gardama? Kafin ka gama kwance injin nan, mu mun kwance kayanka mun raba."

"To ki cire ranki, ko cokali ban bar miki ba. Kare zan bar wa."

"Karen ma ya ce a kai kasuwa."

Merv ya yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Ya sa gefen rigarsa yana goge lakar da ta bushe a jikin ƙofar.

"Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa," in ji shi a hankali. "Na san ba za ta tashi ba, Tahlia. Ranar da masu inshora suka zo ɗaukarta, kakarki tana kwance, ta ji ƙarar sarƙa ta tambaye ni ko mene ne. Na ce masu kwashe shara ne."

Tahlia ta gyara masa wuyan riga, muka wuce rumfar gwanjo.

Da aka zo kan motar, mutum biyu ne kawai suka taya da gaske, Merv da wani mai sayar da kayan gyara, wanda muka ji yana gaya wa abokinsa cewa fitilu da ƙofofi kaɗai yake so, sauran kuma a murƙushe. Suka yi ta hawa. Dala dubu tara Merv ya zo da su, kuma da ya kira su, mutumin ya ɗora ɗari biyar ba tare da ya ɗago kai daga wayarsa ba. Merv ya sauke katin da yake ɗagawa don tayi a kan gwiwa. Ya ce da ni in je in tayar da mota, tafiya da nisa.

Mai gwanjo ya ɗaga guduma. Sai Tahlia ta fizge katin daga hannun kakanta ta ɗaga sama. Mutumin ya ƙara, ta ƙara. Ya dube ta, ya ga ba alamar za ta sauke hannu, ya kaɗa kafaɗa ya bari. Guduma ta faɗi a dubu goma sha biyu. Cikon daga kuɗin da take tarawa na kama gida zai fito.

Sai da muka koma wurin motar Merv ya samu bakin magana.

"Wace ce ɗazu ta ce kwamin kifi ne?"

"Har yanzu kwamin kifi ne. Na ga dai bai kamata a raba kwaɗon nan da gidansa ba."

"Dubu uku kika zuba a rariya, mai lissafi da yatsu. Ashe barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wautar nan gado ce."

"Daga wajen wa?"

"Daga wajen kakarki mana. Ni ai mai hankali ne."

Ya ja ƙofar kujerar fasinja, ta buɗe da ƙyar tana kuka. Ya zauna a kan busasshiyar lakar da ta rufe kujerar. Tahlia ta ce ya zagaya wajen sitiyari, tunda yanzu shi ne mai mota.

"Ban taɓa zama can ba," in ji Merv. "Ko sau ɗaya ba ta yarda na tuƙa ba, wai ina tafiya kamar mai rakiyar kunkuru. Shiga ke."

Ta shiga ta kama sitiyarin da hannu biyu. Suka zauna haka suna kallon katangar filin. Ni kuma na ja da baya na tafi daidaita tirela, na daɗe ina daidaita abin da ba ya bukatar gyara.

Da na dawo idanunta sun yi ja, tana sharewa da bayan hannu.

"Shi ke nan, tsoho, ka ci ni," ta ce tana dariya. "Ni ce babbar wawiya a filin nan."

"Tunda kin amsa laifinki, zo in saya miki burodi mai nama a hanya."

"Da wane kuɗin?"

Merv ya laluba aljihunsa, ya juyo ya dube ni. Ni na saya mana, mu uku.