Ranar da Na Kira Iskoki Gidan Surukaina

Ba zan taɓa mantawa da yinin bikin da aka yi a gidan surukaina a Mirriya ba, domin ranar na ji yatsana ya daina bin umarnina.

Ni mai gabatar da shiri ce a wani gidan rediyo nan Damagaram, kuma aikin ya koya mini son a rage surutu. Ƙanena Lawali ya yi karatun na'ura mai ƙwaƙwalwa, ya haɗa wata manhaja ta salula mai yi wa mawaƙa kiɗa. Ya bi tsofaffin makaɗa ya naɗi kalangu da ganga da garaya, ta yadda zabiya za ta iya yin biki da salula da lasifika kaɗai. Kiɗan ya yi daɗi, amma fuskar manhajar ta cika da rubutu: kiɗan amarya, kiɗan mahauta, kiɗan maƙera, kiɗan noma, da sauransu.

Na ce masa, "Lawali, zabiyar da ba ta je lakwal ta yi boko ba, ina za ta karanta wannan? Ba ni in gyara maka."

Na cire sunayen duka. Na raba kiɗan gida uku bisa saurinsa: kore mai sanyi, rawaya matsakaici, ja mai zafi. In wani ya ƙare, mai kama da shi ya shigo da kansa, don kada fili ya yi sanyi. Madannin tsayarwa kuma na mayar da shi ƙarami a kusurwa, sai an danne shi an riƙe kafin ya yi aiki, don kada yatsa ya taɓa shi bisa kuskure. (Na yi alfahari da wannan dabara har na ba abokan aikina labari.)

Lawali ya ce, "Yaya, akwai fa waɗanda ba a kaɗawa ko'ina."

Na ce, "Kiɗa ai kiɗa ne."

Dangin maigidana Bukar asalinsu Barno, gidan malamai ne, ko guɗa sai an nemi izini. Da ƙyar surukina ya yarda mata su yi waƙa a tsakar gida bayan la'asar, shi ma don na ce ba makaɗi namiji da zai shigo. Ni na ɗauki alkawari. Na kawo zabiya, Tanti Rabi, na zauna kusa da ita riƙe da salula.

Farko komai ya tafi daidai. Tanti Rabi tana wasa amarya, mata suna rangaji. Ta juyo ta ce, "Madam, ƙara wuta." Na danna ja.

Kiɗa na farko ya wuce. Na biyu ya shigo da kansa, garaya ce da caki, mai wani irin nacin da ke shiga ƙashi. Ni dai na ji ya yi daɗi. Sai na ga Tanti Rabi ta sauke abin magana daga bakinta.

"Madam, kashe. Na 'yan bori ne."

A kan tabarmar tsofaffi akwai Ya Falmata, yayar surukina, tsohuwar da ban taɓa ganinta babu carbi a hannu ba. Carbin ya faɗi. Kafaɗunta suka fara rawa, idonta ya juye, ta saki wata murya mai kauri wadda ba tata ba. Mata suka watse suna salati. Daga baya na ji cewa tana da iskoki tun tana budurwa, an yi ta addu'a har suka kwanta, kuma gidan ba ya son a tuna.

Na kai yatsa kan madannin tsayarwa. Na danna, bai tsaya ba. Na sake dannawa. Na san sarai sai an riƙe, ni na tsara shi, amma hannuna rawa yake, yatsan ya taɓa ya ɗaga, ya taɓa ya ɗaga. Garin haka na goga gefe, ƙara ta ƙaru.

"Kashe mana, matar Bukar!" in ji uwar mijina.

"Ina kashewa, Hajiya!"

"Wannan ne kashewar?"

Ya Falmata ta miƙe tsaye, ita da sai an kama ta take tashi. Ta nufo lasifikar, wato ta nufo ni. Ban san lokacin da na fara karanta duk addu'ar da ta zo bakina ba (ina jin har ta shiga kasuwa na karanta). Daga zaure kuma na ji gyaran muryar surukina yana tambaya lafiya. Na ga aurena a tsaye bakin ƙofa da takalmi a ƙafa.

Tanti Rabi ce ta fizge wayar lasifika. Aka lulluɓe tsohuwa da zane, aka zaunar da ita, can ta yi atishawa ta dawo hayyacinta. Ta dubi mutane ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Wa ya kira su?"

Duk suka dube ni, ga salula a hannuna kamar wuƙa a hannun mahauci.

Na durƙusa na ce, "Ni ce, Ya Falmata. Na ɗauka ja ne kawai."

Ba a kore ni ba, amma an hana waƙa a gidan, kuma har yau in na shiga da salula a hannu sai yara su ruga ɗaki. Lawali ya mayar da sunayen, ya sa murya tana faɗin kowane kafin ya fara, ya ware na bori a wani wuri mai tambaya sau biyu. Madannin tsayarwa yanzu ya cinye rabin fuskar manhajar, taɓawa ɗaya ya isa.

Abin da na koya shi ne, duk wanda zai tsara madannin tsayarwa, ya gwada shi da hannun da ke rawa. Nawa na gwada shi ne a ofis, da shayi a gabana, ba wanda ke nufo ni.