Zabin Baba da Maganin Ɓera

Kakar farko bayan rasuwar Baba, rumbunmu na ƙauyen Tursa ya dawo hannuna. Shi, Allah ya jiƙansa, a ƙarƙashin tukunya mai 'yar ƙofa yake ajiye maganin ɓera, ya danne ta da dutse. Ni kuwa na ga ɓata lokaci ne. Wane ɓera zai tsaya neman ƙofa?

Na cuɗa maganin da dusa, na barbaɗa a fili kewaye da rumbu, na wanke hannu ina yaba wa hikimata.

Da safe na fito ganin gawar ɓeraye. Zabin Baba na tarar kwance matattu, waɗanda Inna ke watsa wa hatsi tun da ya tafi. Abin da bai cika cokali ba, ya yi wannan aiki! Sai ga ƙaton ɓera ya ratsa tsakaninsu a natse, ya shige rumbu.

Inna ta fito ta ga zabin.

"Mi sunka yi maka?" ta ce. "Gina rami mai zurhi, kar kare shi tono."

Har yau in na shiga kasuwa, Kawu kan ɗaga murya: "Ku ɓoye kajinku, ga aminin ɓera nan tahe."