Gurbin Shafi na Tara

"Shikamo, Kaka."

"Mayar da gaisuwarki jaka. Wannan ta tsofaffi ce, ni kuwa bara na fara aski."

Mzee Kombo yana zaune a dakalin ƙofar gidansa a Tanga, butar gahawa a gefensa, ɗan kofi a hannu. Jikarsa Siwema ta sauko daga motar Darussalam ke nan, kwamfuta goye a baya, wata takarda cikin leda rungume a ƙirji. A wurin aikinta, ɗakin adana littattafai na jami'a, sai a wuni ba a ji muryarta ba. Kakanta kaɗai ya san tana da baki.

Aikinta shi ne shigar da tsofaffin wasannin kwaikwayo cikin kwamfuta. Da yawansu a waƙe aka rubuta su, kuma akan sami ɗango guda, wato layin waƙa, wanda mutum biyu ko uku suka raba, wannan ya fara wancan ya ƙarasa. Sai ta sa wa kowane yanki alama, farko ko tsakiya ko ƙarshe, don kwamfuta ta san ɗango ɗaya ne, ba guntaye ba. Masu tafireta na da suna da tasu dabarar. Inda maganar na farko ta tsaya, daidai ƙarƙashin wurin maganar na biyu ke farawa, kamar matakala.

A shafi na tara na wasan da ma'aikatan tashar jirgin ruwa suka yi a 1974, matakalar ta tsallake taki ɗaya. Mutum uku sun duba shafin kafin ita, ba wanda ya ga komai. Ita ta ɗora rula ta auna, ta sami gurbin harafi goma sha ɗaya, fari fat. Ranar Litinin za a ɗora wasan a yanar gizo, kuma shugabarta ta ce in ba a gano dalili ba, a rubuta a gefe cewa kuskuren mai bugawa ne. Mai bugawar kuwa shi ne wannan tsohon da ke hura gahawa.

"Ka rame, angona," in ji ta. "Ko haƙoran ne suka yi yajin aiki?"

"Begenki ne. Kai, ƙarya nake, tun da kika tafi nake barci har da munshari. Me kika kawo mini daga birni?"

"Takarda."

"Takarda! Matan mutane suna zuwa da alewa, tawa ta zo da takarda. Na sake ki."

"Saki na tara ke nan bana. Matsa mini."

Ta zauna ta miƙa masa. Ya nesanta takardar da idonsa iya tsawon hannu, sai ta ga ƙirjinsa yana tasowa a hankali.

"Hannuna ne wannan! Dubi layi, kamar da zare aka ja. Shekara talatin da biyu ina akawu a tasha, ban taɓa ajiye harafi a gidan da ba nasa ba. Turawan jirgi gilashi suke sa wa wasiƙuna su rataye."

"Har da waɗanda ba su jin yaren?"

"Su suka fi yawa. Kuma ni na fito a masunci. Ranar da muka yi wasan nan, mutanen tsibirin Pemba kan rufin gidajensu suka hau suna saurare, teku guda a tsakaninmu."

"Da wace muryar? Wadda ka kori kaza da ita ɗazu, ta dube ka ta ci gaba da cin shinkafa?"

"Kazar kurma ce. Daga dangin ubanki aka kawo ta."

Siwema ta danne dariya, ta ɗora yatsa a tsakiyar shafin. "Karanta mini nan."

Bai ko dubi wurin ba. Ya gyara hula, ya fuskanci titi. "Teku, kin cinye ƙanina!" Sannan ya sauke murya ya kwaikwayi matuƙin jirgi, wanda maganarsa ke ƙasa can gefen dama: "To, mu jira."

"Kowane ɗango a wasan nan gaɓa goma sha shida ne," in ji ta, tana lanƙwasa yatsu. "Naka takwas. Na matuƙi huɗu. Ina sauran huɗun?"

"Na haɗiye su. Yunwa nake ji ranar."

"Kuma me za a jira? An ce teku ta cinye mutum, sai a ce mu jira? Ga gurbi nan, harafi goma sha ɗaya."

"Shekara huɗu a jami'a, abin da kika koyo ke nan? Auna inda babu komai? Da na sani da na kai ki wurin Hamisi mai kwakwa, shi ma kan nasa haka yake a ciki."

"Kaka, gurbin."

"Numfashi ne. Babban ɗan wasa yakan tsaya ya numfasa."

"A sauran shafi arba'in ɗin ba ka numfasa ba?"

"Ina da ƙirji."

Ta zare kwamfutar ta buɗe a kan cinya, ta shiga danne-danne a natse, irin yadda take yi a ofis.

"To shi ke nan. Zan rubuta abin da aka ce in rubuta. Kuskuren mai bugawa. Sunanka yana ƙasan shafin ƙarshe, Kombo Mwinyi, da manyan baƙaƙe. Kowa zai karanta, har mutanen Pemba, ba sai sun hau rufi ba."

"Kus... me?"

"Kure. Ba komai ai, tsufa ne. Ko da yake a lokacin kana da shekara ashirin da huɗu."

Ya ajiye kofin da ƙarfi har gahawa ta fantsama. "Rufe farantin nan naki. Rufe, na ce, 'yar banza mai idon shaho."

Ba ta rufe ba, amma ta ɗauke hannu. Tsohon ya dubi titi hagu da dama, kamar mai gudun kada wani ya ji.

"Sau goma sha ɗaya na danna dogon maɓallin nan na ƙasan tafireta. Ina dannawa ina ƙirgawa. Wurin kakarki ne."

Kakar tata, Bi Mwanaidi, ta shekara shida da rasuwa. Siwema ta san ta da girki da faɗa da addu'a, ba ta taɓa jin an haɗa sunanta da wasa ba.

"Lokacin ba mu yi aure ba," in ji shi. "Babanta ya rantse in ta taka dandamali, ko ya ga sunanta a takardar 'yan wasa, ta nemi wani uban. Mu kuwa muna neman muryar teku, duk ƙungiya ba mai ita. Sai ta ɓuya bayan labule, ta sa bakinta cikin tulu. In na ce, teku, kin cinye ƙanina, sai ta amsa." Ya sassauta murya. "Aro na yi."

Siwema ta lanƙwasa yatsu huɗu, sannan ta haɗa a bakinta a hankali: "Teku, kin cinye ƙanina. Aro na yi. To, mu jira." Ɗangon ya cika cif.

"Mata suka yi ta kuka a zaure. Aka zo ana tambaya wa ya yi muryar. Na ce ni ne, da ciki na yi ta."

"Kai? Da wannan cikin?"

"Shekara hamsin ana ba ni gahawa kyauta a kan cikin nan, kin zo rana ɗaya za ki fasa shi."

"Zaɓi ya rage gare ka, angona. Ko akawu mai kuskure, ko ɗan wasa mai aron murya."

Ta zaci zai yi fushi. Sai ta ga kafaɗunsa suna rawa, dariya ta ƙwace masa har da tari, yana bugun gwiwa.

"Na ci ta! Wallahi na ci ta! Ranar da na nuna wa kakarki shafin, cewa ta yi, Kombo, ɓata takarda ka yi, wa zai tsaya duban wurin da ba a rubuta komai ba? Na ce wani zai zo. Duk shekara sai ta tuna mini, ina mai zuwan naka? To ga ta nan, kuma daga gidana ta fito!"

"Ɗazu ka ce dangin ubana."

"Kunnen ne nasu. Idon nawa ne." Ya share hawaye da gefen hula. "Rubuta. Baban nata mai tsawatawar ya daɗe a ƙasa. Rubuta Mwanaidi binti Shomari, kada ki ci harafi ɗaya, ina kallonki."

Ta sa wa yankin masunci alamar farko. Ta buɗe sabon layi, ta rubuta Muryar Teku, ta shigar da kalmomin uku da alamar tsakiya, ta sa wa na matuƙi alamar ƙarshe. A gefe ta rubuta wadda ta yi muryar, da wanda ya ba da labari, da kwanan wata. Ya sa ta ƙara girman rubutun, ya bi shi da yatsa har sau biyu, bai sami abin gyarawa ba.

"Na mayar da ke ɗakinki," in ji shi, yana tsiyaya mata gahawa. "Har zuwa la'asar."

"Tulun fa? Yana nan?"

"Shi kike shan ruwa a ciki tun kina rarrafe. In kin koma ki tafi da shi, na ba ki. Amma yau nawa ne, kuma tun safe babu ko ɗigo a ciki."

Siwema ta shanye gahawar, ta cire takalmi ta shiga gida. Ta ɗauko tulun daga lungun kicin, ta ɗauraye shi, ta kai bakin famfo ta tara.