Akun da Ke Magana da Muryar Oma

"...lafiya ƙalau, Opa. Ya gwiwoyin? Suna nan suna kuka kamar ƙyauren coci?"

"Bar gwiwoyina. Matar kirki miya take kawo wa mijinta, ke kin kawo min keji."

Meiske ta dire kejin a baranda, lulluɓe da zane. Opa Yantje bai tambayi jikar tasa abin da ke ciki ba. Akun marigayiya matarsa ne, Oma Dortje, wanda tun ranar jana'iza ya ce a fitar masa da shi daga gida, Meiske ta ɗauka. Yau kuwa jirginta zai bar Manado zuwa tsibiran Raja Ampat, inda za ta yi nutso a teku. In tsoho ya ƙi karɓar aku, tafiya ta fasa ke nan.

"Wane miji?" in ji ta. "Mijin da haƙoransa ke kwana cikin kofi?"

"Sun fi naki samun hutu. Ina kuma za ki da takalman iyon nan, ƙafafun kwaɗo, a jaka?"

"Kallon kifi."

"Kallon kifi! Ki goya tukunyar iska kamar mai tallan gas, ki nutse, ki gaishe da kifi, ki fito hannu rabbana! Ni a zamanina da numfashi ɗaya nake shiga, in fito da abincin unguwa."

"Yanzu fa? Matakala ma sai ka tsaya kun gaisa da kowace."

"Ladabi ne. Ki kai wa gwaggonki, Tante Fien, tsuntsunki."

"Ta dawo da shi. Ya ce wa fastonta ƙaton ciki."

"To ƙarya ya yi? Ki kai gidan ajiye dabbobi."

"Na gwada bara. Ya ƙi cin abinci, ya tsige gashinsa, ya dawo tal kamar kanka."

"Bar shi nan ki gani. Kina dawowa ki tarar da shi cikin barkono, da shinkafa a gefe."

"Da wane haƙorin za ka tauna? Na cikin kofi?"

Opa ya zaro taba ya kunna, don ya sami abin yi da hannunsa. Gaskiyar maganar, tsoro yake ji. Tsohon da ya yi rayuwarsa cikin igiyar ruwa, tsuntsu ne ya hana shi sakat, domin bakin akun nan kaf na Dortje ne, har da tarinta. Ya tabbata in ya ji muryar, kuka zai yi, kuma a gaban wannan yarinya mai bakin tsiya.

"Ɗauke shi, amarya," ya ce. "Na sake ki, ke da shi."

"To, aƙalla ku yi sallama." Ta fizge zanen.

Aku ya karkata kai, ya ƙare wa tsoho kallo da ido ɗaya.

"Yantje! Kashe tabar nan, tsohon banza!"

Kafin Opa ya ankara, taba tana ƙasa, silifas ɗinsa a kanta, hannunsa na korar hayaƙi. Meiske ta toshe baki. Opa ne ya fara fashewa da dariya, ya yi ta yi har hawaye suka zubo, bai kuma damu da gogewa ba.

"Matar nan! Ko kabari bai sa ta ƙyale ni ba. Rataye ta kusa da kujerata."

"Namiji ne fa, Opa."

"Na ce rataye ta."

Ya shiga ciki ya fito da busasshen kifin cakalang naɗe a ganyen ayaba, ya cusa mata a jaka tsakanin ƙafafun kwaɗon.

"Ki nuna wa ƙawayenki na ƙasan ruwa. Ki ce kakanki na gaisuwa."

Ta sumbaci sanƙonsa ta fita da gudu. Can aku ya gyara murya, ya yi ɗan tarin nan.

"Yantje, ka ci abinci?"

Tsoho ya jawo kujerarsa kusa.

"Tukuna, Dortje. Ke fa?"